Makarantar Firamaren Da Ta Mai Da Garinta Littafin Karatu

A tsakiyar birnin Rochester, cikin Jihar New York ta ƙasar Amurka, akwai wani babban titi da ake kira Broad Street, wanda aka ɗora bisa wata tsohuwar gada ta duwatsu da ta ƙetare kogin Genesee. Gadar nan, wadda aka gama ginawa cikin 1842, tun asali an yi ta ne don ta ɗauki ruwan haƙaƙƙiyar hanyar jiragen ruwa ta Erie, mai tsawon mil 363 daga Albany zuwa Buffalo, wadda aka buɗe cikin 1825. Bayan da aka karkatar da hanyar ruwan daga tsakiyar birnin, sai aka shimfiɗa dogo a cikin kwarin da ta bari, jiragen ƙasa suka yi ta bi daga 1927 har zuwa 1956. Daga nan wurin ya zama kango, motoci na wucewa ta bisa, ƙarƙashi kuwa duhu da shara.

A tsakiyar shekarun 2000, 'yan aji shida na wata makarantar firamare ta birnin suka ɗauki shekarar karatu guda suna binciken tambaya ɗaya, watau ko zai amfani Rochester in an sake cika kwarin nan da ruwa. Yaran, masu shekara 11 zuwa 12 da haihuwa, suka kasu kashi huɗu, kowane kashi ya tafi tare da malamai zuwa wani birni da ya raya kasuwancinsa ta hanyar gyara bakin ruwa. Waɗansu suka tafi Ottawa ta ƙasar Kanada, waɗansu Providence, waɗansu San Antonio, sauran kuma Oklahoma City. Suka gana da ma'aikatan tsara gari da 'yan kasuwa, suka komo gida suka rubuta rahoto mai ɗauke da taswirori da lissafi da shawarwari, sa'an nan suka gabatar da shi ga magajin garin.

Ba a mai da ruwan ba a shekarun da suka biyo baya, domin aiki irin wannan na bukatar miliyoyin daloli da yardar hukumomi da dama. Amma rahoton ya sa masana harkar ilmi sun waiwayi makarantar, wadda cikakken sunanta shi ne Genesee Community Charter School. Tana cikin makarantun da ke cewa yaro ne ginshiƙin karatu, kuma ya fi fahimtar abin da ya taɓa da hannunsa bisa ga abin da aka karanta masa a allo. Tambayar da iyaye da masu riƙe da baitulmali ke yi kullum ita ce ko yaron da ya yini a bakin kogi zai iya karatu da lissafi in ranar jarrabawa ta zo.

MECE CE MAKARANTAR YARJEJENIYA?

Kafin a shiga aji, ya kamata mai karatu ya san irin matsayin makarantar a wajen hukuma. A Amurka, hukumar ilmi ta kowace gunduma ita ce ke gina makarantun gwamnati, ta ɗauki malamai, ta zaɓi littattafai, ta kuma ƙayyade lokutan darussa. Cikin 1974 wani malamin jami'a mai suna Ray Budde ya kawo shawarar a riƙa bai wa ƙungiyar malamai takardar izni su gudanar da karatu yadda suka ga ya dace. Shawarar ta kwanta har 1988, sa'ad da Albert Shanker, shugaban wata babbar ƙungiyar malamai ta ƙasar, ya farfaɗo da ita. Jihar Minnesota ce ta fara yin doka a kan haka cikin 1991, makaranta ta farko kuma ta buɗe a birnin St. Paul cikin 1992. Jihar New York ta yi tata dokar cikin 1998.

Tsarin kuwa shi ne, malamai ko iyaye ko wata ƙungiya su rubuta irin makarantar da suke son kafawa, su kai wa hukumar da doka ta ba ikon amincewa. In an yarda, sai a ƙulla yarjejeniya ta 'yan shekaru, a New York ba ta wuce shekara 5 ba a kowane zubi. Makarantar ta gwamnati ce, da kuɗin haraji ake tafiyar da ita, ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ba a yi wa yaro jarrabawar shiga. In masu nema sun fi guraben yawa, sai a yi ƙuri'a a bainar jama'a. An sakar mata mara wajen tsara manhaja da ɗaukar malamai da kashe kuɗinta, amma tilas 'yan makarantar su zauna jarrabawar jiha ta Turanci da lissafi daga aji uku, kamar sauran yara. In sakamako ya yi ta lalacewa, ko aka sami almundahana, hukuma na iya ƙin sabunta yarjejeniyar, makaranta ta rufe.

A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, irin waɗannan makarantu sun kai wajen 7,800 a Amurka, da yara kimanin miliyan 3.7, watau kusan kashi 7 cikin 100 na 'yan makarantun gwamnati. Ba salo ɗaya suke bi ba. Da yawansu sun shahara ne da tsananin horo da yawan bitar jarrabawa. Waɗansu kuwa, irin ta Genesee, sun yi amfani da 'yancin nan don su gwada koyarwa ta hanyar bincike da aikin hannu.

TARIHIN GARI A MATSAYIN MANHAJA

An buɗe makarantar Genesee cikin 2001 a harabar gidan adana kayan tarihi da kimiyya na Rochester, tana ɗaukar yara daga ajin share fage, wanda aka saba kira rabin aji, har zuwa aji shida. Zaman da ta yi a harabar ya ba yaran damar shiga ɗakunan nune-nune kamar yadda wasu ke shiga ɗakin karatu.

Waɗanda suka kafa ta sun ɗauki tarihin yankin kogin Genesee suka raba shi zamani shida. Na farko shi ne zamanin da babu ɗan Adam a wurin, sa'ad da teku marar zurfi ya rufe ƙasar, daga baya kuma tsaunukan ƙanƙara suka sassaƙa kwaruruka da tafkunan da ake gani yau. Na biyu shi ne na mutanen farko. Na uku shi ne haɗuwar 'yan asalin ƙasar, musamman kabilar Seneca, da Turawa masu yawon bincike da masu neman wurin zama. Na huɗu shi ne yadda ƙauye ya zama birni, na biyar yadda birnin ya bunƙasa, na shida kuwa yau da gobe. Ana ɗaukar zamani uku a kowace shekara, kowanne na cin wajen mako 12, don haka a shekara biyu an zagaye duka shidan. Makaranta gaba ɗaya kan kasance a zamani guda a lokaci guda, sai dai kowane aji da zurfin da ya dace da shekarunsa. Yaron da ya fara daga rabin aji zai ratsa kowane zamani sau uku kafin ya kai aji shida, inda ake ba su wata matsala ta birnin su yi shekara suna bincikenta.

Kowane zubi na mako 12 suna kiransa balaguron ilmi, kuma a cikinsa ake cusa kimiyya da labarin ƙasa da rubutu da zane da kiɗa. Garin kansa ya wadata da abin koyarwa. Kogin Genesee ya taso ne daga Jihar Pennsylvania, ya yi tafiyar mil 157 zuwa arewa ya faɗa tafkin Ontario, kuma a cikin birnin yana zubowa daga kan dutse mai tsawon ƙafa 96. Ƙarfin ruwan nan ne ya juya injinan niƙan alkama da suka sa aka yi wa Rochester laƙabi da birnin fulawa. Yaron da ya tsaya a bakin zubowar ruwan, ya komo aji ya harhaɗa ƙaramar ƙafar niƙa ya zuba mata ruwa ya ga ta juya, ya sami darasin kimiyya da na tarihi da na tattalin arziki a zama ɗaya. A birnin ne Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya fara buga jaridarsa ta yaƙi da cinikin bayi cikin 1847. A nan ne kuma aka kama Susan B. Anthony cikin 1872 don ta jefa ƙuri'a a zamanin da doka ba ta yarda mata su yi zaɓe ba. A nan George Eastman ya kafa kamfanin Kodak. Duk waɗannan suna da gidaje ko kaburbura ko takardu da yaro zai iya zuwa ya gani da idonsa.

A ƙarshen kowane balaguro akan yi daren baje koli, inda yara ke tsayawa gaban iyaye da baƙi su bayyana abin da suka gano, su nuna abin da suka yi, ko littafi ne, ko taswira, ko wasan kwaikwayo. Aji guda kan ɗauki yara wajen 30, amma malamai biyu ne ke riƙe da shi tare da mataimaki, kuma malaman kan bi yaransu shekara biyu a jere, don su san halin kowane ɗaya da inda yake tuntuɓe.

INDA RA'AYIN YA SAMO ASALI

Wannan salo ya girmi makarantun yarjejeniya da kusan shekara 100. Cikin 1896 John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago, inda yara ke dafa abinci da saƙa da aikin kafinta, su koyi awo da lissafi da tarihi daga cikin ayyukan. Cikin 1907 Maria Montessori, wata likita 'yar Italiya, ta buɗe gidan yara a wata unguwar matalauta ta birnin Rum, ta ƙera musu kayan koyo da za su riƙa taɓawa, irin su baƙaƙen da aka yanka daga takarda mai kaushi da duwatsun ado na ƙirga. Su biyun sun tafi a kan cewa yaro na zuwa makaranta da son sani a ransa, aikin malami kuwa shi ne ya shirya masa wurin da son sanin zai kai shi ga ilmi.

Reshen da makarantar Genesee ta bi ya fito ne ta hannun Kurt Hahn, wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Birtaniya a zamanin Hitler, ya kafa makarantar Gordonstoun cikin 1934, sa'an nan ya taimaka wajen kafa Outward Bound cikin 1941, ƙungiyar da ke horar da matasa juriya da taimakon juna ta hanyar tafiye-tafiye masu wuya a teku da daji. A farkon shekarun 1990 reshen ƙungiyar na Amurka ya haɗa kai da sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Harvard, suka tsara yadda za a shigar da wannan ruhi cikin makarantun gwamnati. An fara da makarantu 10 cikin 1993. Ƙungiyar da ta fito daga wannan aiki ita ce aka sake wa suna EL Education cikin 2015, kuma da tsarinta makarantar Genesee ta fara.

Wani misali da malaman wannan tsari ke yawan bayarwa ya fito ne daga makarantar yarjejeniya ta Anser da ke birnin Boise a Jihar Idaho. An ce wa wani ɗan aji ɗaya ya zana malam-buɗe-littafi daga hoto, zane irin na masu kimiyya. Zanensa na farko irin na yara ne, fukafukai zagayayyu. Maimakon malama ta ba shi maki ta wuce, sai aka zaunar da 'yan ajinsu su duba su ba shi shawara, bisa sharaɗi uku: magana ta zama mai taushi, ta nuna takamaiman wurin gyara, ta kuma zama mai amfani. Suka nuna masa cewa gefen fiffiken miƙaƙƙe ne, ya sake. Suka nuna masa kusurwa, ya sake. Sai da ya yi zane shida, na ƙarshen kuwa duk wanda ya gani zai ɗauka babban ɗalibi ne ya yi shi. Ron Berger, wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya zama jigo a ƙungiyar, shi ya yaɗa labarin, don ya nuna cewa aiki ɗaya da aka gyara sau shida ya fi koya wa yaro fiye da ayyuka shida da aka yi sau ɗaya aka jefar.

NAUYIN DA KE KAN MALAMI

Wanda ya leƙa irin wannan aji ya ga yara sun rarrabu, waɗansu na auna tsawon katako, waɗansu na jayayya a kan taswira, zai iya zaton an sake su ne su yi abin da suka ga dama. Alhali kuwa kafin yaro ya taka ƙafarsa zuwa bakin kogi, malamai sun shafe makonni suna shiri. Sukan fara da buɗe kundin da jiha ta jera abin da ya wajaba ɗan kowane aji ya sani. Daga nan su zaɓi tambayar da za ta ja balaguron, su rubuta manufar kowane darasi da kalmomin da yaro zai gane, su nemo littattafai da tsofaffin takardu daidai ƙarfin karatun yaran, su je wurin da za a ziyarta su duba shi tukuna, su gayyato masanin da zai amsa tambayoyi, su kuma yanke irin abin da yaran za su ƙera a ƙarshe da ma'aunin da za a auna shi. Yaro na da zaɓi a cikin aikin, amma malami ne ya shata iyakar filin.

Dewey kansa ya yi wannan gargaɗi cikin 1938, bayan da ya ga yadda waɗansu masu da'awar bin sa suka watsar da tsari gaba ɗaya. Ya nuna cewa ba kowane abin da yaro ya yi da hannunsa ne ke zama ilmi ba, sai wanda aka shirya shi don ya buɗe ƙofar na gaba. Yara na iya yin mako uku suna gina ƙauyen Seneca da kwali da gam, su tashi da gwanintar manna kwali kawai, in babu malamin da ya tsaya ya tambaye su dalilin da ya sa gidajen suke da tsawo, da iyalai nawa ke zama cikin kowanne, da inda suka sami wannan bayani.

Saboda haka salon yana da tsada ta fuska biyu. Akwai kuɗin mota da masauki da kayan aiki da albashin malami na biyu. Akwai kuma lokacin malami, wanda ya fi kuɗin wuyar samu. Makarantar da malamanta ke sauyawa kowace shekara ba za ta iya riƙe manhaja irin wannan ba, domin rabinta a cikin kawunan malaman take.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Masu sukar wannan salo suna da hujja mai ƙarfi. Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Amurka ta gudanar da wani babban gwaji mai suna Follow Through, inda aka kwatanta hanyoyin koyarwa iri-iri a tsakanin 'ya'yan matalauta daga rabin aji zuwa aji uku. Da sakamakon ya fito cikin 1977, hanyar da ta zo kan gaba a karatu da lissafi ita ce ta Siegfried Engelmann, wadda malami ke koyarwa kai tsaye, mataki bayan mataki, yara na amsawa ana gyara musu nan take. Hanyoyin da suka bar yaro ya gano abu da kansa, da dama sun zo a baya. Cikin 2000 kuma wani kwamitin ƙasa da aka ɗora wa binciken koyar da karatu ya tabbatar da cewa ƙananan yara na bukatar a koya musu sautin baƙaƙe da wasula da yadda ake haɗa su, bi da bi, cikin tsari. Cikin 2006 masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka wallafa wata maƙala da ta yi tashe, suna bayyana cewa ƙwaƙwalwar mai koyo sabon shiga ba ta iya ɗaukar abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka in an bar shi ba jagora sai ya ruɗe.

Makarantun da suka yi nasara da aikin hannu sun karɓi wannan darasi. Manhajar da EL Education ta wallafa ta ƙananan azuzuwa ta ware lokaci na musamman kowace rana don koyar da haɗa baƙi kai tsaye, dabam da lokacin bincike. Watau an gane cewa akwai abin da yaro zai gano a bakin kogi, akwai kuma abin da sai an zaunar da shi an gaya masa, an maimaita har ya zauna.

Ta ɗaya gefen kuma akwai shaidar da ke goyon bayan salon in an yi shi da kyau. Cikin 2013 cibiyar bincike ta Mathematica ta duba makarantu 5 masu bin tsarin balaguron ilmi, ta ga cewa bayan shekara 3 ɗalibansu sun wuce takwarorinsu da kwatankwacin karatun wata 10 a lissafi da wata 7 a karatu. Sai dai waɗannan makarantun gaba da firamare ne, kuma biyar ba su isa a yanke hukunci a kan ɗaruruwa ba. Cikin 2006 mujallar Science ta buga binciken Angeline Lillard da abokiyar aikinta a kan wata makarantar Montessori ta gwamnati a birnin Milwaukee. Sun kwatanta yaran da ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ba ta faɗa ba, suka ga 'yan shekara 5 na makarantar sun fi a shirin karatu da lissafi da zaman tare.

Game da makarantun yarjejeniya baki ɗaya, wata cibiya ta Jami'ar Stanford ta ba da rahoto cikin 2009 cewa kashi 17 cikin 100 ne kawai suka fi makarantun gunduma a lissafi, kashi 37 kuwa sun kasa su. Rahotonta na 2023 ya nuna an sami ci gaba, inda ɗalibansu suka ɗara da kwatankwacin kwana 16 a karatu da kwana 6 a lissafi cikin shekara. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne takardar yarjejeniya ita kaɗai ba ta gyara makaranta, abin da ake yi cikin aji ne ke gyara ta.

'YA'YAN WA KE SHIGA?

Akwai wata matsala da ta fi ta jarrabawa ɗaci. Rochester na cikin biranen Amurka da talaucin yara ya fi yi wa katutu, kuma mafi yawan 'yan makarantun gundumarta 'ya'yan baƙaƙen fata ne da na masu jin harshen Sifaniyanci. An daɗe ana yi wa makarantar Genesee ƙorafin cewa kason 'ya'yan matalauta a cikinta bai kai na makarantun gundumar ba. Ƙuri'a ba ta nuna bambanci, amma sai wanda ya ji labarin makarantar, ya cika takarda a kan lokaci, ya kuma yarda da salon da bai saba gani ba, shi ne sunan ɗansa zai shiga akwati. Iyaye masu ilmi da sukuni sun fi kowa iya yin haka. Cikin 2010 majalisar Jihar New York ta gyara dokarta, ta wajabta wa makarantun yarjejeniya su yi ƙoƙarin ɗaukar 'ya'yan matalauta da naƙasassu da masu koyon Turanci gwargwadon yadda suke a gundumarsu.

Ga kuma rigimar kuɗi. Duk yaron da ya bar makarantar gunduma ya koma ta yarjejeniya, kason kuɗinsa na bin sa, alhali gundumar ba ta daina biyan kuɗin wuta da gyaran gini da albashin malamin ajin da ya bari ba. Ƙungiyoyin malamai na cewa ana raunana makarantun da suka ɗauki kowa don a ƙarfafa 'yan kaɗan. Shanker kansa, wanda ya tallata ra'ayin da farko, ya juya masa baya kafin rasuwarsa cikin 1997, da ya ga an kauce wa manufarsa ta cewa su zama wuraren gwaji da sauran makarantu za su koya daga gare su. Magoya baya kuwa na amsawa da cewa masu kuɗi sun daɗe suna saya wa 'ya'yansu irin wannan karatu a makarantu masu zaman kansu, kuma wannan ce kaɗai hanyar da ɗan talaka zai same shi kyauta.

ABIN LURA GA MA'AIKATAN ILMI

Ra'ayin koyarwa ta hanyar aiki ba baƙo ba ne a Nijeriya. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa shida na wancan lokaci. An rubuta sababbin darussa masu sa yara aiki da hannu, aka kuma naɗa malamai masu zagayawa makaranta zuwa makaranta suna nuna wa 'yan uwansu yadda ake yi. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar cikin 1977 ita ma ta tanadi cewa koyarwa a firamare ta kasance ta hanyar aiki da bincike da gwaji. Amma shirin ba da ilmin firamare kyauta da aka fara cikin Satumba 1976 ya kawo yara fiye da yadda aka yi tsammani, azuzuwa suka cika maƙil, aka ɗauki malamai da gaggawa, hadda da biya karatu suka ci gaba da mulkin aji.

Babu ma'aikatar ilmin da za ta iya tura 'yan aji shida zuwa birane huɗu, ba kuma wannan ne abin ɗauka daga Rochester ba. Abin ɗauka shi ne an zauna an rubuta manhaja daga abin da ke kewaye da yaro, an ba malamai lokacin shiri, an bar su tare da yara ɗaya har shekara biyu, ba a yi sakaci da koyar da haɗa baƙi da lissafi kai tsaye ba, kuma akwai hukumar da ke zuwa bayan 'yan shekaru ta nemi a nuna mata sakamako. Garin da ke da ganuwa da marina da kasuwa da tsofaffin da suka san tarihinsa bai rasa abin da zai maye gurbin kogin Genesee ba. Abin da ya rage shi ne malamin da aka horar, aka biya shi a kan lokaci, aka kuma ba shi aji mai yawan da zai iya sanin sunan kowane yaro da ke cikinsa.